Bindiga a Hannun Talaka: Abin da Doka Ta Ce da Abin da Ke Ƙasa a Katsina

Duk sa'ad da aka kai mummunan hari a yankin Faskari, Batsari ko Malumfashi, magana ɗaya ce ke dawowa a majalisu da gidajen rediyo: a bar kowa ya mallaki bindiga ya tsare gidansa. Ba talakawa kaɗai ke faɗar haka ba. A watan Agustan 2021, a garin Jibiya, gwamnan lokacin Aminu Bello Masari ya yi kira ga jama'a su nemi makami su kare kansu, ya kuma sake nanatawa a Disambar wannan shekara. Magajinsa, Malam Dikko Umaru Raɗɗa, shi ma ya sha cewa duk garin da ya shirya tsare kansa, gwamnati za ta ba shi horo da tallafi. Amma a watan Agustan 2023 hedikwatar 'yan sanda a Abuja ta sanar da dakatar da ba da lasisin bindiga a ƙasa baki ɗaya.

To manomin da ke Ruma ko 'Yantumaki wa zai saurara? Gwamna ya ce ya tashi tsaye, ɗan sandan da ke kan hanya kuma in ya ga bindiga a buhunsa zai kama shi. Abin da ke rikita mutane shi ne, kowanne cikinsu yana da madogara a doka, sai dai ba a kan abu ɗaya suke magana ba.

Kare kai daban, riƙe bindiga daban

Kundin tsarin mulkin 1999, a sashe na 33, ya tabbatar wa kowa haƙƙin rayuwa, sannan ya ce ba za a ɗauka an tauye wannan haƙƙi ba idan mutum ya mutu sakamakon ƙarfin da aka yi amfani da shi, gwargwadon yadda doka ta yarda, don kare wani daga farmaki ko don kare dukiya. Dokar hukunta laifuka ta Arewa, wadda aka fara aiki da ita a 1960, ita ma ta amince da kare kai. A fiƙihu ma malamai sun yi bayanin tunkuɗe mai farmaki, kuma a nan ne Masari ya jingina maganarsa lokacin da ya ce addini ya halatta wa mutum ya kare ransa da iyalinsa.

Sai dai haƙƙin yana da iyaka. Ba a yarda mutum ya yi ɓarnar da ta wuce abin da zai tunkuɗe haɗarin ba, kuma da zarar haɗarin ya gushe, haƙƙin ya ƙare. Wanda ya bi maharin har gida washegari, a idon kotu ramuwa ya yi. A watan Maris 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kan wani manomi ɗan jihar Adamawa da ya kashe makiyayin da ya far masa a gona, bisa hujjar cewa ya riga ya ƙwace wuƙar kafin ya soke shi. Hukuncin ya jawo ce-ce-ku-ce sosai, daga baya kuma gwamnan jihar ya yi masa afuwa, amma ya nuna yadda alƙalai ke auna wannan batu.

Babban abin lura shi ne, babu inda tsarin mulki ya ce ɗan Najeriya yana da haƙƙin mallakar bindiga. Mutum zai iya kuɓuta daga tuhumar kisa saboda kare kansa ya yi, a kuma ɗaure shi saboda makamin da ya yi amfani da shi ba shi da izini.

Rukuni uku na bindigogi

Dokar da ke tafiyar da wannan sha'ani ita ce dokar bindigogi ta 1959, wato tun kafin samun 'yancin kai. An yi mata 'yan gyare-gyare, amma ginshiƙinta na nan. Ta kasa bindigogi gida uku.

Na farko su ne haramtattu: bindigogin yaƙi irin su AK-47, masu jigida, rokoki, gurneti, har da ƙaramar bindigar hannu da wasu ke zaton ba ta da wani nauyi a doka. Shugaban ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da izinin riƙe su. Wanda aka kama da irin wannan ba izini, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.

Na biyu su ne na amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko mai baki biyu da ake sa wa harsashin tsaba. Lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Dokar ta ce lasisi ba haƙƙin kowa ba ne, ana iya hana mutum, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka taɓa hukuntawa kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. A nan akwai wata gaɓa da ke faɗa da mutane da yawa: bindigar da ke da hanyar ɗura kanta harsashi ba ta cikin wannan rukuni, shi ya sa a 2018 'yan sanda suka sa fam-akshin, wato bindigar tsaba da ake jan mariƙinta ta ɗura sabon harsashi, cikin jerin bindigogin da suka ce a miƙa musu.

Na uku su ne bindigogin da ake ɗurawa ta baki, irin na maharba, da ake kira bindigar toka ko harba-ka-ruga, irin waɗanda 'yan bindigar fada ke harbawa a hawan sallah a Katsina da Daura. A nan kaɗai ne jiha ke da ta cewa, domin kwamishinan 'yan sanda ne, da amincewar gwamna, ke tsara ko sai da lasisi za a riƙe su. Ƙera bindiga ba izini laifi ne na daban, haka ma riƙe harsashi.

Idan aka jera waɗannan ukun, gaskiyar lamarin za ta fito. Ko da gobe aka buɗe ƙofar lasisi, abin da talaka zai samu a doka shi ne bindigar farauta mai cin harsashi ɗaya ko biyu. Wanda zai fuskanta kuwa yana ɗauke da AK-47 mai cin harsashi 30, wani lokaci da mai jigida a bayan babur.

Iyakar ikon gwamna

Makamai da harsasai suna cikin jerin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa gwamnatin tarayya ita kaɗai, haka ma 'yan sanda. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar. Ana kiran gwamna babban jami'in tsaron jiharsa, amma kwamishinan 'yan sandan da ke zaune a Katsina daga Abuja aka turo shi, can kuma yake karɓar umarni na ƙarshe.

Maƙwabciyarmu Zamfara ta gwada wannan iyaka. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutane su nemi lasisi, ta kuma sanar da raba fom 500 ga kowace daga cikin masarautu 19 na jihar. Ba a kwana biyu ba babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko, 'yan sanda kuma suka tuna wa jama'a cewa takunkumin lasisi na nan. Maganar ta mutu a nan.

Shi ya sa gwamnoni suka koma kafa rundunonin sa ido da dokar majalisar jiha. A watan Oktoban 2023 Katsina ta ƙaddamar da tata, wadda jama'a ke kira C-Watch, da matasa 1,466 a rukunin farko, waɗanda aka ɗebo daga garuruwan da matsalar ta fi shafa. Zamfara ta biyo da Askarawa a Janairun 2024. Waɗannan suna da albashi, da kaki, da shugabanni, suna aiki tare da soja da 'yan sanda, amma dokar 1959 ta hau kansu kamar kowa: nau'in makamin da za su riƙe ba gwamna ne ke yankewa ba.

Maganar 'yan sandan jihohi daga nan ta samo ƙarfi. A watan Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu da gwamnoni sun amince a duba ta. Tabbatar da ita na buƙatar gyaran tsarin mulki, wato kashi biyu cikin uku na kowane zauren majalisar tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. Dattawan da suka ga zamanin 'yan dokan En'e, kafin soja su haɗe su da 'yan sandan tarayya bayan 1966, suna tuna abu biyu game da su: sun san kowane lungu da kowane ɓarawo, kuma an yi amfani da su wajen gallaza wa 'yan NEPU. Masu goyon baya na kafa hujja da na farko, masu tsoro na kafa hujja da na biyu.

'Yan banga, 'yan sa-kai, da yadda aka zo nan

Ba a fahimtar muhawarar nan sai an raba waɗannan sunaye. 'Yan banga ko 'yan sintiri su ne masu gadin gari da aka sani, galibi da sanin mai gari da ofishin 'yan sanda. 'Yan sa-kai kuwa mutane ne da suka ɗauki makami da kansu, ba rajista, ba wanda ke ba su umarni daga sama, kuma sukan fita daga garinsu su bi wanda suke zargi.

Rikicin da ya addabi ƙananan hukumomi takwas da ke bakin dajin Rugu da dazukan da ke haɗe da shi, wato Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗandume, ya faro ne da satar shanu da rigimar burtali da gonaki. Waɗanda aka fara yi wa satar da yawansu Fulani makiyaya ne. Da hukuma ta gaza, sai garuruwa suka kafa ƙungiyoyin tsaro, wasunsu kuma suka shiga kama Bafulatani a kasuwa a kashe ba shari'a. Su kuma na daji suka haɗa kai, suka sayar da shanu suka sayi manyan makamai, suna cewa kare kansu suke yi. Daga ramuwa abin ya rikiɗe ya zama sana'a: garkuwa da mutane, harajin noma, ƙona rumbuna. Zuwa Disambar 2020, lokacin da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara aka sako 344 bayan kwana shida, babu mai iya kiran abin rigimar manoma da makiyaya kuma. A Nuwambar 2021 babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindigar daji a matsayin na ta'addanci.

Wannan tarihi ba ya wanke ɓarayin daji, kuma ba duk ɗan sa-kai ne ya zubar da jinin marar laifi ba. Da yawansu sun mutu ne a bakin garinsu suna tare maharan. Amma shi ne ya sa gwamnatocin yankin suka sha haramta 'yan sa-kai a lokaci guda da suke cewa jama'a su kare kansu. A Katsina, gwajin barin kowa da makaminsa ba hasashe ba ne, an riga an ga wani yanki nasa.

Hujjar kowane ɓangare

Masu son a sassauta doka suna da magana mai ƙarfi. Sun ce takunkumin lasisi mai bin doka kaɗai ya hana, ɓarawo bai taɓa neman fom ba. Sun ce akwai ƙauyukan da kafin jami'an tsaro su iso, an gama ɓarna an shige daji. Sun kuma ce maharan kansu suna zaɓen gari: inda suka san za a mayar musu da wuta sukan kauce, su nufi inda ba kowa. Akwai manya a wannan layi. Janar T.Y. Ɗanjuma ya yi irin wannan kira a Jalingo a watan Maris 2018, Sanata Ned Nwoko ya kawo shawarar dokar da za ta ba farar hula damar riƙe bindiga a farkon 2024, shugaban hukumar DSS Adeola Ajayi kuma ya ce a 2025 ya kamata al'umma su zama matakin farko na tsaron kansu.

Masu adawa, ciki har da marigayi babban hafsan sojan ƙasa Taoreed Lagbaja, sun ce wannan hanya ce ta rugujewar doka. Bindigar da aka saya don ɓarawo tana nan ranar rigimar gado, ranar rikicin iyakar gona, ranar zaɓe. A birnin Katsina, inda ake fama da ƙauraye masu sara-suka, tambayar ita ce me zai faru idan adda ta koma bindiga. Sun ƙara da cewa gidan da aka san akwai makami shi kansa abin hari ne, domin bindiga dukiya ce a wurin ɗan daji.

Harin Unguwar Mantau da ke Malumfashi, ranar 19 ga Agustan 2025, ya zama hujja ga ɓangarorin biyu. Gwamnatin jihar ta ce ramuwa ce, domin kwanaki kaɗan kafin nan mutanen garin sun yi wa maharan kwanton ɓauna sun kashe wasu. Sai suka dawo da asuba suka buɗe wuta a masallaci, gomman mutane suka rasu. Mai goyon bayan makami zai ce da garin na da isassun bindigogi da ba a yi haka ba. Mai adawa zai ce ga abin da tirjiya ke jawowa. Abin da lamarin ya fi nunawa a fili shi ne, garin da ya yi tirjiya yana buƙatar ɗauki a kwanakin da ke biye, lokacin da kowa ya san ramuwa na tafe. Inda babu wannan ɗauki, nasarar daren farko takan zama sanadin asara mafi girma.

Misalin Amurka da na maƙwabta

Kusan duk muhawarar da aka yi a Facebook sai wani ya kawo Amurka. Can gyara na biyu na tsarin mulkinsu, tun 1791, ya ambaci haƙƙin riƙe makami, Kotun Ƙolinsu kuma ta tabbatar a 2008 cewa haƙƙin kowane mutum ne. Ƙiyasin cibiyar Small Arms Survey na 2017 ya nuna bindigogi miliyan 393 a hannun farar hula, kimanin 120 ga kowane mutum 100. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a ƙasar, fiye da rabinsu kuma su suka kashe kansu. Birtaniya ta bi akasin haka, ta haramta ƙananan bindigogin hannu a 1997 bayan kisan yara 'yan makaranta a Dunblane. Ƙiyasin wannan cibiya ga Najeriya kuwa bindigogi miliyan 6 da 'yan kai ne, wajen 3 ga mutum 100.

Amma Amurka da Birtaniya ba su fama da gungun mahara ɗari a kan babura da ke riƙe da daji. Misalan da suka fi kama da namu suna kusa. A Borno, matasan da suka tashi a 2013 suka zama Sibiliyan JTF sun taimaka wajen korar Boko Haram daga Maiduguri, kuma abin da ya bambanta su shi ne soja na tare da su, gwamnatin jiha kuma ta ɗauki wasunsu tana biya. A Burkina Faso an yi doka a 2020 ta ba 'yan sa-kai horon mako biyu da makami, a 2022 aka nemi ƙarin 50,000. Sun riƙe wasu garuruwa, amma hare-haren ramuwa a kan ƙauyukansu sun ƙaru, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuma sun zarge su da kisan Fulani. A Sudan, mayaƙan Janjawid da gwamnati ta ba makami a Darfur su ne suka zama RSF, waɗanda tun Afrilun 2023 suke yaƙi da sojan ƙasar. Bambancin waɗannan ba a yawan bindiga yake ba. Yana wajen wa ke riƙe da rajista, wa ke ba da umarni, wa ke hukunta wanda ya wuce gona da iri, da kuma yadda za a karɓe makamin in an gama.

Ta ina makaman ke shigowa

An saba cewa Libiya, kuma akwai gaskiya a ciki: faɗuwar Gaddafi a 2011 ta buɗe rumbunan makamai, wasu suka gangaro ta Agadas. Amma ba nan kaɗai ba ne. Cibiyar Conflict Armament Research, a rahotonta na 2020 kan makaman da aka kama a Katsina, Kaduna da Zamfara, ta gano wasu daga rumbunan sojan Kwaddibuwa, wasu ƙirar Turkiyya da aka shigo da su ta tashar ruwan Legas, wasu ƙirar gida, wasu kuma daga jami'an tsaron Najeriya. A Janairun 2017 kwastan sun kama fam-akshin 661 a Legas, a Yulin 2024 kuma suka sanar da kama bindigogi 844 da harsasai 112,500 a tashar Onne ta jihar Ribas. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na shekarar 2019 ya ce akwai makamai 178,459 na 'yan sanda da ba a ga bayaninsu ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne, ko da yake rundunar ta yi jayayya da irin waɗannan alƙaluma.

Bindiga takan yi shekaru tana aiki, harsashi kuwa kullum sai an sayo. A nan ne siyasar ƙasa da ƙasa da tattalin arziki ke shigowa. Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kilomita 1,500, kuma bayan Magamar Jibiya da Kongolam akwai ɗaruruwan hanyoyin babur. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, sun durƙusar da halastaccen ciniki a Jibiya da Mai'aduwa, suka kuma ƙara wa masu bin ɓarauniyar hanya ciniki da gwaninta. Hanyar da buhun shinkafa ya bi, ita harsashi ke bi.

ECOWAS tana da yarjejeniyar taƙaita ƙananan makamai tun 2006, wadda ta tanadi musayar bayanai tsakanin ƙasashe. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025. Ga Katsina, wadda ke maƙwabtaka da Maraɗi da Damagaram, duk tsamin dangantaka tsakanin Abuja da Yamai yana nufin raguwar sintirin haɗin gwiwa a dajin da maharan ke tsallakawa.

Sai darajar naira. Kafin Yunin 2023 dala na kusan naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro. Duk abin da ake sayowa daga ƙetaren iyaka ya yi tsada a naira, har da makami. Ɗan daji yana da inda zai mayar da wannan tsada: ya ƙara kuɗin fansa, ya ƙara harajin noma, ya ce a haɗo da babur da man fetur. Manomi ba shi da wanda zai ɗora wa. Hauhawar farashin zinare a duniya, wanda ya haura dala 3,000 kowane oza a Maris 2025, ita ma ta ƙara wa wuraren haƙar da ke dazukan yankin daraja a idon masu makami. Ke nan idan aka ce gasar sayen makami za a yi tsakanin gari da daji, ɓangare ɗaya da kuɗin ɗayan yake saye.

Sulhu da makaman da ba a ajiye ba

Masari ya yi sulhu a wa'adinsa na farko, ya sake yi a Satumbar 2019, daga baya ya fito ya ce an ci amanarsa. Raɗɗa ya hau mulki yana cewa ba zai nemi sulhu ba. Amma a 2025 ƙananan hukumomi da dama, irin su Jibiya, Batsari, Safana da Ɗanmusa, sun yi nasu zaman da shugabannin daji, gwamnati na cewa al'umma ce ta nema. A wasu wuraren an samu sauƙi, an koma gona, kasuwanni sun ci. An kuma ga hotunan mahalarta rataye da manyan bindigogi a wurin taron, har da Ado Aleru, wanda 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan 5 a kansa a 2020.

Wannan ya ƙara dagula batun doka. Mai gari zai sha wuyar gamsar da matasansa su miƙa bindigoginsu na baushe alhali sun ga wanda ya ƙone garinsu ya zo taro da mai jigida ya koma da abarsa. Garuruwan da ba su cikin sulhun kuma suna kukan cewa harin ya karkato kansu.

Abin da ya shafi mutum kai tsaye

Ga wanda ke tunanin saye, maganar gwamna a taro ba lasisi ba ce, kuma ba za ta tsaya masa a kotu ba. Katin ƙungiyar banga ko na maharba ma ba ya halatta makamin da ke rukunin farko. Wanda ya saya a ɓoye, yawanci daga hannun dillalin da ke sayar wa na daji zai saya, kuma idan aka kama dillalin, sunayen abokan cinikinsa ne farkon abin da za a tambaye shi. Masu ɗaukar saƙo a tasha, da 'yan acaɓa, da direbobi, su ma abin ya shafe su: an sha kama harsasai a buhun hatsi da jarkar manja, kuma wanda aka samu kayan a hannunsa shi zai fara bayani.

Fita da bindigar gargajiya zuwa wata jiha na da nasa haɗarin. A ƙarshen Maris 2025 an kashe maharba 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar komawa Kano yin sallah, bayan 'yan bangar garin sun ga bindigogin toka a motarsu. Waɗanda suka kashe su ma cewa suka yi garinsu suke karewa.

Ga gari kuwa, hanyar da ta fi kusa da doka a yanzu ita ce ta ƙungiya: a rubuta sunayen masu sintiri, hakimi da baturen 'yan sandan yanki su san da su, a haɗa su da C-Watch, a san inda makami ke kwana da wanda ya fita da shi. Wannan ba ya cike tazarar da ke tsakanin bindigar farauta da AK-47. Yana dai rage yiwuwar jirgin yaƙi ko sojan da ke sintiri su ɗauki masu gadin gari a matsayin mahara, kuskuren da ya taɓa cin rayukan 'yan sintiri a Zamfara, yana kuma ba wanda aka zalunta wurin kai ƙara. Kuɗin wannan tsari kan faɗa kan mutanen garin ne ta hanyar karo-karo, a daidai lokacin da taki da man fetur suka yi tsada, wasu garuruwan ma suna biyan karo-karon sintiri da harajin daji a damina ɗaya.

Canjin da zai taɓa asalin matsalar yana hannun majalisar tarayya da fadar shugaban ƙasa: ko a gyara dokar 1959 a fayyace irin makamin da rundunonin jihohi za su riƙe da sharuɗɗansa, ko a kammala batun 'yan sandan jihohi. Katsina na da sanatoci 3 da 'yan majalisar wakilai 15, kuma duk gyaran tsarin mulki sai an aika shi majalisun dokokin jihohi, har da ta Katsina mai kujeru 34, kafin ya tabbata.